Bayan Aikin Fankiriyas: Kada Ka Yi Jinya Kai Kaɗai

 

Idan wannan ɗan littafi ya zo hannunka, to ko dai an yi maka aikin fankiriyas an sallame ka, ko an sa maka rana kana jira, ko kuwa kai ne mai jinyar wanda aka yi wa. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na haura shekara ashirin ina wanke ciwo ina cire ɗinki, kuma yawancin waɗanda nake gani daga Nima suke zuwa, da Maamobi, da Newtown, da nan Kokomlemle. Abin da zan gaya maka ra'ayina ne, kuma cikin abokan aikina akwai waɗanda ba su yarda da shi duka ba. A ganina, wanda aka yi wa wannan aiki yana bukatar zama da mutanen da suka riga shi shan wannan wahala, kusan kamar yadda yake bukatar maganinsa. Zan faɗi dalilina, zan kuma faɗi inda irin wannan zama yake iya ɓata abu.

Me aka taɓa a cikinka?

Na sha ganin mutum da tabo tun daga ƙirji har cibiya, a tambaye shi me aka cire, ya ce, "Wani abu ne dai a ciki." Ya kamata ka sani, don jikinka ne.

Fankiriyas wani nama ne mai laushi, dogo, tsawonsa wajen santimita 15. Yana kwance a bayan tumbi, kusa da ƙashin baya. Wasu suna ce masa saifa, amma saifa daban take, tana can hagu a ƙarƙashin haƙarƙari. Madaciya ma daban, tana manne da hanta. Amfanin fankiriyas biyu ne. Yana zubo wani ruwa cikin hanji wanda yake narkar da abinci, musamman mai da kitse. Yana kuma fitar da insulin, wanda yake daidaita sukari a cikin jini.

Idan ciwon yana kan fankiriyas ne, wajen dama, akan yi aikin da likitoci suke kira Whipple, da sunan Allen Whipple, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935. A wannan aiki ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da madaciya, da wani yanki na bututun da yake sauko da ruwan ɗaci daga hanta, wani lokaci har da gefen tumbi. Sannan a sake haɗa abin da ya rage a ɗinke. Sa'o'i da yawa ake yi a ɗakin tiyata, kuma sai manyan asibitoci irin Korle Bu a nan Accra ko Komfo Anokye a Kumasi. Idan kuma ciwon yana wajen wutsiya ne, a hagu, akan cire wutsiyar, sau da yawa tare da saifa. Ka tambayi likitanka wanne aka yi maka, ka sa ya rubuta maka a takarda, ka ajiye ta tare da katin asibiti.

Likita yana gama nasa cikin yini ɗaya. Kwanciyar asibiti mako ɗaya ce zuwa biyu idan babu matsala. Sauran jinyar, wadda takan kai wata uku, wata shida, wani har shekara kafin ya ji ya dawo kansa, a gida ake yin ta. Ranar sallama ana yi wa mutum bayani, amma yana cikin ciwo, hankalinsa yana kan kuɗin da za a biya da motar da za ta kai shi gida, kuma bayanin da Turanci ne ko Twi. Rabin abin da aka faɗa ba ya wuce ƙofar asibiti.

Abin da Hajiya ba ta gaya mini ba

Akwai wata Hajiya mai sayar da waakye da aka yi wa aikin Whipple. Ciwon ya rufe da kyau, ɗinki bai yi ruwa ba. Amma duk zuwan da za ta yi sai sikeli ya nuna ta ragu. Zane ya fara zagaye ta sau biyu. Sau uku ina tambayarta yaya ciki, yaya bayan gida, sau uku tana cewa, "Da sauƙi, Sista." 'Ya'yanta sun fara raɗa cewa ciwon ya dawo. Wata ƙanwarta ta ce hannun mutane ne.

A lokacin mun fara wani ɗan zama a bayan asibitinmu, Asabar ta ƙarshen wata, a kan benci. Mutanen da aka yi wa aikin fankiriyas ba su da yawa, don haka muka haɗa da waɗanda aka yi wa babban aiki a tumbi ko hanji, da masu jinyarsu. Na matsa wa Hajiya ta zo. Ta zauna ba ta ce uffan ba. Da aka tashi, wata tela da aka yi wa irin aikinta shekara biyu kafin nan ta ja ta gefe, ta ce mata a hankali, "Yaya Hajiya, naki ma yana fitowa fari-fari da maiƙo kamar an zuba man gyaɗa? Yana da warin da ke kanki ba kya iya tsayawa?" Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fashe da kuka.

Ashe gidan hayar da take babu bandaki, kamar gidaje da yawa a Nima. Na kuɗi take zuwa, ta bi layi, ta biya. Cikinta kuwa yana kiranta sau biyar, sau shida a yini, ba ya jira. Ta taɓa ɓata zane a layi, a gaban yaran unguwa. Tun daga ranar ta yanke wa kanta hukunci: in ba ta ci ba, ba za ta je ba. Ta koma shan ruwan koko safe da dare. Yunwa ce take cinye ta, muna ta neman ciwon daji.

Laifina a nan shi ne, duk tambayar da na yi mata, a gaban mijin 'yarta na yi, don shi yake kawo ta a mota. Wace Bahaushiya ce za ta siffanta bayan gidanta a gaban surukinta? Na san wannan tun ina yarinya, amma sauri ya sa na manta. Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, to amma sai an rufe ƙofar wankan. Telar nan ba ta yi makarantar jinya ba. Ta san tambayar da za ta yi ne don ita ma ta tsaya a wannan layi.

Kafso ɗin nan da ake sha da abinci

Abin da ya samu Hajiya sananne ne. Fankiriyas ɗin da ya rage ba ya fitar da ruwan narkar da abinci yadda ya isa, sai mai ya wuce ta hanji bai narke ba. Alamunsa su ne bayan gida mai maiƙo, mai haske, mai tsananin wari, da kumburin ciki, da yawan iska, da rama ko da mutum yana ci. Maganinsa wani kafso ne mai ɗauke da sinadaran narkar da abinci. Wanda aka fi sani shi ne Creon, akwai na 10,000 akwai na 25,000.

An rubuta wa Hajiya shi tun ranar sallama. Amma tana shansa ne kamar farasitamol, ɗaya da safe ɗaya da dare, ta kora da koko mai zafi. Asarar kuɗi kawai take yi. Wannan kafso sai ya haɗu da abinci a ciki yake aiki. Da lomar farko za ka haɗiye shi, da ruwa mai sanyi. Idan cin zai daɗe, ko an rubuta maka fiye da ɗaya, ka raba, wani a farko wani a tsakiya. Kada ka tauna, yana sa gyambon baki. Zafi yana kashe ƙarfinsa, saboda haka kada ka zuba shi a koko ko shayi, kada ka bar shi a gaban mota ko kusa da murhu. Kuma ba tuwo da shinkafa kaɗai ne abinci ba. Ƙosai biyu, ko wagashi, ko kofin burkina, ko shayi mai madara, duk suna bukatar kafsonsu. Yawan da za ka sha, likita ne zai faɗa, kuma idan maiƙon bai tsaya ba ka koma ka gaya masa, don sau da yawa ƙari ake bukata.

Za ka ji masu cewa wanda aka yi wa wannan aiki ya bar mai har abada. Tsohuwar magana ce. Mutumin da ya rame, aka hana shi ƙwai da kifi da miyar gyaɗa, da me zai mayar da jiki? Ka ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, da kafsonka. A makonnin farko tumbi yakan yi nawa, loma uku ka ji ka ƙoshi, bakinka ya ƙi ɗanɗano. Yakan wuce. Ka fara da mai laushi, tuwon zafi da miyar ayoyo, fate, dafaffen ƙwai, ayaba, sannan ka riƙa gwada sauran ɗaya bayan ɗaya. Shito da soye-soye masu nauyi su jira tukuna. Giya da taba kuwa, ka yi sallama da su.

Hajiya ta koma bakin tukunyarta bayan wata biyar. Ba ta ɗaukar tukunyar da kanta, kuma ta rage kwanakin fita.

Maganar alade

Wannan ita ce maganar da muka fi yin gardama a kanta tsakaninmu ma'aikata. Daga fankiriyas na alade ake yin wannan kafso. An rubuta a takardar da take cikin kwalin. Har yanzu kuma babu wani na saniya ko na ganye da likitoci suka amince zai yi aikin da yake yi. Waɗanda ake sayarwa a kantin magani da hoton gwanda ko abarba ba su maye gurbinsa.

Wasu abokan aikina suna cewa a yi shiru, abin da mutum bai sani ba ba zai dame shi ba. Ban yarda ba. Wani dattijo daga Maamobi ya sha na wata biyu yana murmurewa, sai jikansa ɗan sakandare ya karanta masa takardar. A ranar ya zubar da sauran a kwata. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne an ɓoye masa, kuma daga nan ya daina yarda da duk abin da muka faɗa, har maganin sukarinsa. Ya kwana arba'in bai leƙo mu ba.

Wanda ya dawo da shi wani tsohon direban trotro ne daga cikin masu zamanmu. Ya je har gida ya same shi, ya ce, "Baba, ni ma da na ji sai da na yi kwana uku ban ci abinci ba. Tashi mu je wurin Malam." Suka ɗauki kwalin da takardar likita suka tafi wurin limamin unguwa. Ni Kirista ce, ba ni ce mai ba da fatawa ba, kuma ba zan sa wa malami magana a baki ba. Abin da na sani shi ne malaman Musulunci suna da babin larura, inda rai ko lafiya take cikin haɗari kuma babu wani magani na halal da zai maye gurbi. Dattijon ya dawo ya ci gaba da sha. Shawarata ita ce ka je wurin malamin da ka amince da iliminsa, ka kai masa bayanin gaskiya: me zai faru in ba ka sha ba, da kuma cewa babu madadi. Kada ka tsayar da maganin kana jiran amsa ba tare da likitanka ya sani ba.

Da ni na je gidan dattijon nan da farar rigata, da ƙila ko zaure ban wuce ba.

Sukari, azumi, da wuta

Ba kowa ne yake samun ciwon sukari bayan aikin ba, amma da yawa suna samu, wani nan take wani bayan shekaru. Wanda aka cire wa fankiriyas gaba ɗaya kuwa, allurar insulin ce har ƙarshen rai. Irin wannan sukari ya bambanta da na maƙwabciyarka mai ƙiba, don sinadarin da yake ɗaga sukari idan ya faɗi shi ma daga fankiriyas yake fitowa. Saboda haka yakan faɗi da sauri. Idan ka ji gumi mai sanyi, da rawar jiki, da yunwa mai tsanani, da jiri, ko na'ura ta nuna ƙasa da 4, ka sha ruwan sukari ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi nan da nan, ka sake gwadawa bayan minti 15, sannan ka ci abinci. Mutanen gidanka su san wannan. Idan mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti.

Ajiyar insulin a garin da ake ɗauke wuta, a wurin masu zamanmu na ga dabararta ta fi ta littafi. Ana sa kwalbar a ƙaramar roba mai murfi, a ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce mako huɗu, kuma kada a bari ta daskare a firiza.

Azumi yana da wuyar magana. Mutumin da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, ka ce masa ya ci abinci sau shida a yini cikin Ramadan, a gidan haya da kowa yake ganin hayaƙin kowa. Kunya takan sa ya ɗauka a ɓoye. Haka ma namu na coci da ake kiran azumin kwana bakwai ko ashirin da ɗaya. Addinan nan biyu duk sun yi wa marar lafiya rangwame. Ka yi magana da likitanka wata ɗaya ko biyu kafin azumi, musamman in kana allurar insulin. Na lura mutum ya fi karɓar wannan daga bakin wanda ya ce, "Ni ma bara ban yi ba, na ciyar," fiye da daga bakina.

Idan an cire maka saifa

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake shi. Saifa tana tace jini, tana yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wanda ba shi da ita, zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtuka suna iya kayar da shi cikin sa'o'i. Ka karɓi alluran rigakafin da aka rubuta maka, na ciwon huhu da na sanƙarau. Ka kwana cikin gidan sauro kullum, balle mu da muke kusa da babbar kwatar Nima. Idan jikinka ya yi zafi, babu zancen "bari mu gani zuwa gobe". A ranar za ka je, kuma kalmar farko da za ka gaya wa nas ita ce ba ka da saifa.

Dubiya ba ita ce abin da nake nufi ba

Wani zai ce, mu a zango ai ba a barin marar lafiya shi kaɗai, me za mu yi da wata ƙungiya? Gaskiya ne ba a barinsa. Ranar da aka dawo da kai, ɗaki zai cika har tsakar gida. Za a kawo lemo da Milo da kuɗi a ambulan, za a yi addu'a. Wannan alheri ne, kuma da yawa ba za su iya biyan kuɗin aikin ba in ba don shi ba. Amma mai dubiya yana zuwa ne ya ji an ce da sauƙi, kai ma ka san haka, sai ka ce da sauƙi. Bayan mako uku ƙafa ta ɗauke, daidai lokacin da gajiya da baƙin ciki suke sauka. Mutum ya ga ba ya iya ɗaga bokiti, ba ya iya sujada sai a zaune, matarsa ce take fita nema. Wani magidanci ya gaya wa 'yan'uwansa maza a zamanmu cewa dare yake jira kowa ya yi barci ya yi kukansa. Uku daga cikinsu suka ce su ma haka suka yi. Bai taɓa gaya wa matarsa ba.

Kuma kowane mai dubiya da maganinsa a aljihu. Wannan ya kawo jiƙo, wancan ya kawo garin da ya saya wurin mai lasifika a Circle, wanda yake maganin shawara da basir da sanyin ƙashi duk a kwalba ɗaya. Ba na raina magabata. Amma hantar da aka ɗinke mata sabon bututu ba wurin gwaji ba ce. Da yawa daga cikinku ma jiƙon shawara ne ya cinye muku watanni kafin a gano abin da ya toshe. Duk abin da aka kawo, ka nuna wa likita kafin ka kai baki.

Ku masu jinya, ku rage "ci mana, ci mana". Ku zuba kaɗan a ƙaramin kwano, ku dawo bayan sa'a biyu. Ku fita da shi ya taka, yau zuwa ƙofar gida, gobe zuwa bakin titi, don tafiya tana hana jini daskarewa a ƙafa, tana kuma tayar da hanji. Mako shida na farko babu ɗaukar kaya mai nauyi, babu daka, babu ɗora ruwa a ka.

Inda zaman yake iya cutarwa

Na yi alkawarin faɗar wannan. Ba kowa aka yi wa aikin don ciwon daji ba. Wani ƙari ne marar yaɗuwa, wani kumburin fankiriyas ne na shekaru, wani haɗarin mota. Amma in dai kansar fankiriyas ce, ciwo ne mai nauyi. Cikin mutum biyar da aka gano suna da ita, wajen ɗaya ne kawai ake samu a matakin da aiki zai yiwu. Ko bayan aikin ma tana iya dawowa. Shi ya sa akan biyo da maganin kansa na kimo, kamar wata shida, a fara shi cikin wata uku bayan aiki. Mutane da yawa suna gudunsa. Suna cewa ai an cire, ko kuma sun ji yana kisa. A nan gani ya kori ji: mace ta ga wata ta gama nata, gashinta ya fito, ta zo da jikarta a baya, sai ta yarda ta fara.

To amma wanda ya shiga irin wannan zama zai ga mutuwa. Mun yi rashi. Telar nan da ta ceci Hajiya, ciwonta ya dawo a shekara ta huɗu, ta rasu. Watan da ya biyo baya mutum biyu ne kawai suka zo. Wata abokiyar aikina ta ce mini, "Kin gani? Kin tara su ne suna ƙirga junansu." Na yi kwanaki ina juya maganarta, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai mutumin da irin wannan zama yake karya masa zuciya, kuma ba na tilasta wa kowa yanzu kamar yadda na matsa wa Hajiya. Abin da na gani dai shi ne, su ne suka yi ta zirga-zirga a gidan telar a makonninta na ƙarshe, su ne suka matsa aka nemo mata maganin ciwo mai ƙarfi maimakon a bar ta tana murƙususu, kuma bayan wata uku da kansu suka dawo benci.

Haɗari na biyu shi ne gwada kai da wani. Wane ya koma aiki a wata uku, ni ga shi wata biyar ina kwance. Aikin kowa daban, shekarun kowa daban. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, wanda ya warke yakan zama likita. Ya ce, "Ni biyu nake sha, kai ma sha biyu," ko ya miƙa ragowar maganinsa. Mun hana wannan. A faɗi abin da aka ji a jiki, a faɗi kantin da aka samu kafso da sauƙin kuɗi, amma yawan magani na likita ne. Shi ya sa yake da kyau a samu nas ko likita a wurin, ya zauna a baya, ya yi shiru sai an karkace.

Na huɗu shi ne baki. Zango gari ne da in ka yi tari a Nima za a ce maka sannu a Maamobi. Mace tana tsoron a ji tana da kansa a fasa auren 'yarta. Sharaɗinmu na farko, abin da aka faɗa a benci a benci yake kwana. Kuma idan aka zo maganar bayan gida ko ta kwanciyar aure, maza su ja gefe, mata su ja gefe.

Kuɗi

Kafso ɗin daga waje ake kawo shi, yana da tsada, wani lokaci a neme shi a rasa. A 2024 har Ingila sai da aka yi ƙarancinsa. Mutane sukan rage sha a ɓoye don kwali ya kai ƙarshen wata. In haka ta same ka, ka faɗa, a san yadda za a tsara. Masu zamanmu sun kafa ɗan adashi, susu ɗin da muka sani, don kuɗin mota da na gwaji, kuma idan wani ya ga maganin a wani kanti yakan buga wa saura waya. Katin NHIS, wanda aka kafa dokarsa tun 2003, ba ya ɗaukar komai da komai na wannan jinya, amma kada ka bari ya mutu. Ana sabunta shi ta waya da *929#. Ka tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da aka yi maka aiki abin da katin ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba, tun kafin ranar biya.

Abin da ba ya jiran Asabar

Akwai alamun da ba a kai wa benci, ba a kai wa malam ko fasto, ba a jira gari ya waye. Zazzaɓi da ya kai 38 ko rawar ɗari. Ciwon ciki da yake ƙaruwa. Amai da ya ƙi tsayawa. Jini a amai, ko bayan gida baƙi kamar kwalta. Ruwa ko mugunya ko jini daga wurin ɗinki ko daga robar da aka bari a ciki. Ido ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka koma asibitin da aka yi maka aikin da takardunka. In ba za ka iya kai kanka ba, a kira 112.

Idan babu irin wannan zama kusa da kai, ranar da ka koma ganin likita ka dubi layin da kake zaune. Akwai mai irin tabonka a ciki. Ka roƙi nas ta tambaye shi ko zai yarda ku gaisa, don ba za ta ba ka lambarsa ba sai da izininsa. Matan da suka yi kansar nono sun daɗe da gane wannan a ƙasar nan. Dakta Beatrice Wiafe Addai ta Kumasi ta yi shekaru tana fita da waɗanda suka warke su yi wa mata magana da bakinsu. Namu da mutum uku ya fara, da benci biyu da fulas ɗin ruwan zafi. Ka zo da kwalin maganinka, da takardar da likita ya rubuta maka sunan aikin, da wanda yake dafa maka abinci.